Allon Shagona

Na kai wa Ɗanjuma falankin katako
a rumfarsa ta Ƙofar Ƙwaya.
Ya tsoma burushi cikin jan fenti, ya tsaya,
ya ce, "Dinatu, me za mu faɗa wa duniya?"

Na ce, "Man gyaɗa. Ƙuli-ƙuli. Tunkuza."

Ya yi dariya har fenti ya ɗiga a kan silifas ɗinsa.
"Wannan lissafin kaya ne, ba talla ba.
Talla sai da gishiri.
Mu sa: babu na biyunsa a Katsina da kewaye.
Mu sa: yana sauke hawan jini,
yana mai da tsohuwa yarinya."

Na ce, "Ban zagaya Katsina na lashi na kowa ba.
Na Hajiya Tasalla ta Rafin Daɗi ya fi nawa ƙamshi,
na sani, don na taɓa saye a ɓoye.
Kuma ni ba likita ba ce.
Matsa nake yi, ba allura."

Ɗana Habila, da ya riƙo min falankin,
ya raɗa min a kunne:
"Mama, a zana gicciye a kusurwa, da 'yar aya,
'yan ikilisiya su san tasu ce,
su daina wuce mu da kwalabensu."

Na yi shiru. Shawarar ta yi min zaƙi,
irin zaƙin rake a bakin mai ciwon haƙori.
Da dare na juya ta a kan tabarma.
Itacen da aka rataye Ubangijina a kai,
in rataye shi a wuyan jarka?
Bai mutu don kayana su ƙare kafin la'asar ba.
Gicciye ba ƙugiyar kamun tarwaɗa ba ne.
Ga kuma maƙwabtana da ke biyowa daga masallaci,
mudu ɗaya nake auna mana, ni da su.

Akwai abin da Habila bai sani ba.
Shekarar da gyaɗa ta yi tsada a Charanchi,
kuɗin makarantarsa na ƙwanƙwasa min ƙofa,
na karɓi durom daga hannun wani dillali.
Kashi ɗaya cikin huɗu, in ji shi, ko aljani ba zai gane ba.
Sati biyu na yi ina surkawa.
Sai Iya Kande, wadda idonta ya yi hazo,
ta buɗe murfi, ta kai hanci,
ta ce, "Yau hancina ne ya tsufa, ko man?"
Ta kwance bakin zane, ta biya cif, ta tafi.
Ranar Lahadi mata suka ta da waƙa,
tulun kiɗa na hannuna,
bakina ya ƙi buɗuwa.

Don haka da safe na koma wurin Ɗanjuma.
Na ce ya ƙara layi biyu a ƙasa:
Shinshina kafin ki biya.
In bai yi miki ba, dawo da shi.

Ya ce, "Rabin allon fa babu komai."
Na ce, "Bar shi ya sha iska."

Ba zan ce kasuwa ta buɗe ba.
Shagon da ke tsallaken titi ya ɗaura lasifika,
tun hantsi take rantsuwa a madadinsa,
mutane kuwa na shiga.
Wata rana ina ƙirga su, zuciyata na tafasa,
sai in tuna in ce, a gafarta mini,
in koma ga wankin kwalabe.

Jiya da magariba ina haɗa kaya
sai ga wata yarinya, da jan fenti a gefen hijabinta,
riƙe da kwalbar lemo.
Ta karanta allon a hankali, harafi bayan harafi,
ta ce, "Baba ya ce wai in shinshina tukuna."

Na buɗe mata jarkar.